Lissafin Ciyawa a Gaɓar Amga

Jiya da asuba ruwan bokiti ya yi fata.
Na sa yatsa, ya ce ƙaras.
Na ce, Michil, tashi,
baƙon nan ya aiko da sallama.

Mu uku ne a wannan gaɓa ta kogin Amga:
ni, da jikana, da hayaƙin murhunmu.
Wayar lantarki ta tsaya can ƙauye,
tafiyar yini a kan doki,
ba ta taɓa tambayar hanyar gidanmu ba.

Itace tukuna.
Shekara arba'in da ɗaya Erchim ke faskare,
bana gatarinsa ya wayi gari
a hannun ɗan shekara sha huɗu.
Ƙotar ta fi ƙarfin tafinsa.
Yana sara, yana kuskure, yana satar kallona,
ni kuwa ina jerawa a jikin bango,
bakina alaikum.
Marigayi kan ce, in jerin bai rufe tagar arewa ba
kada ki yi barci da ido biyu rufe.
Saura kamu uku.

Mun kwaɓa kashin shanu da ɗuminsa,
mun yaɓe ɗakinsu har rufi,
don kafar da allura za ta bi
sanyi zai bi ta da kayansa duka.
Warin ya bi hannuna har cikin mafarki.
Ban damu ba.

In tafki ya daskare ya iya ɗaukar doki,
za mu yanko ruwa da zarto, tubali-tubali,
mu jera shi a tsakar gida.
A nan ƙasar rungumar ruwa ake yi a kai shi ɗaki,
wata bakwai cur.

Na sauka rami da fitila na duba:
gari buhu huɗu, gishiri, ganyen shayi,
man shanu a kasko, kifi a daskare kamar faskare,
jajayen 'ya'yan daji cikin ganga,
kananzir jarka biyu, ɗaya na yoyo.
Wannan duk da sauƙi.

Ciyawa ce.
Tari goma muka yanka, ni da yaro, sauro na cin wuyanmu.
Kogi ya cika ya kwashe biyu cikin dare ɗaya
bai ko waiwaya ba.
Kowace saniya tari biyu take ci kafin ƙasa ta buɗe.
Shanu biyar ne.
Na ƙirga da yatsu, na ƙirga da tsinken ashana,
na kwana na sake ƙirgawa,
lissafi bai san kunya ba.

Dawaki ba ruwansu, su kan tona ƙanƙara da kofato
su ci abin da ke ƙasa.
Saniya kuwa ido take zuba maka.

Mangas ce babba, mai farin goshi da karyayyen ƙaho.
Erchim ne ya jawo ta daga cikin uwarta,
ya kwantar da ita gefen murhu cikin rigarsa.
Michil ya gane tun ban faɗa ba.
Ya ajiye cokali ya ce, Kaka, zan rage ci.
Na ce, yaro, ai kai ba ciyawa kake ci ba.
Ya fita. Na ji gatari har duhu ya yi.

Bahilai zai zo da wuƙarsa
ran da sanyi ya zauna da gindinsa,
yadda nama zai kai mu bazara bai canja ba.
Kwana goma, ko sha biyu.

Daren nan na ɗauki fitila na shiga wurinsu.
Numfashinsu ya cika ɗakin da hazo mai ɗumi.
Na zari runguma guda daga tari na takwas,
wadda ba ta cikin lissafi,
na zuba gaban Mangas.
Tana tuƙa, tana duban bango.

Da na fito, dusar ƙanƙara ta fara sauka
a kan jerin itace.
Na ɗaga fitila. Tagar arewa ta rufe.